Fashin Baƙi: Wa Ya Kamata Ya Biya Kuɗin Magudanar Ruwa, Mai Gini Ko Gwamnati?

Idan mutum ya sayi gona a bayan gari, ya yayyanka ta fuloti-fuloti ya sayar, masu saye suka gina gidaje, suka rufe da kwano, suka daɓe tsakar gida da siminti, ina ruwan saman da gonar take shanyewa a da zai nufa? Kuma aljihun wa ya kamata a taɓa wajen yi masa hanya?

Tambayar ba ta tashi sai da damina. Da zarar marka ta kankama a watan Agusta, aka kwana ana ruwa, aka wayi gari katangu sun zube a unguwannin Zariya da ke gangaren rafukan Kubanni da Kamacha, sai ka ji ta a kowace majalisa daga Tudun Wada har Samaru. Wasu su ce aikin gwamnati ne, ai don haka take karɓar haraji. Wasu su ɗora laifin a kan masu zuba shara a kwata da masu gini a kan hanyar ruwa. Kowa da gaskiyarsa. Amma akwai amsa ta uku da birane da yawa a duniya suka daɗe suna aiki da ita, mu kuwa ba mu cika tattauna ta ba: duk wanda ya zo yin sabon gini, a karɓi wani kuɗi a hannunsa tun kafin ya haƙa tushe, a tara, a gina magudanar da za ta ɗauki ruwan da gininsa zai ƙaro. Na sha kawo wannan magana a cikin mutane, amsar kuwa ba ta canzawa: "To, yanzu har ruwan Allah ma sai an biya masa haraji?"

Wane irin kuɗi ne, kuma me ya raba shi da haraji?

Kuɗi iri uku ne jama'a ke cakuɗawa. Akwai haraji na gama-gari, wanda ke shiga baitulmali a yi duk abin da kasafi ya tanada da shi, albashi ne ko asibiti. Akwai kuɗin neman izinin gini, wanda ladan duba taswira ne da zuwa ganin fili. Sai wannan da muke magana a kansa, bari mu kira shi kuɗin nauyin gini. Sau ɗaya ake biyan sa, lokacin da za a ba da izini, kuma dalilinsa shi ne nauyin da sabon ginin zai ɗora wa kayan jama'a, irin su titi da bututun ruwan sha da magudana. Abin da ya raba shi da haraji shi ne yana da mazauni: ba a kashe shi sai a kan aikin da aka karɓe shi dominsa, a yankin da aka karɓe shi.

A Ingila, dokar tsara birane ta 1990 ta ba ƙananan hukumomi damar ƙulla yarjejeniya da mai gini a kan abin da zai biya ko zai gina wa unguwa, daga 2010 kuma aka ƙara wani kuɗi da ake yankewa bisa faɗin ginin. Manyan biranen Afirka ta Kudu irin su Cape Town suna karɓar makamancinsa, kuma magudanar ruwan sama na cikin abin da ake lissafawa. Ko a nan gida, mai neman izinin wasu gine-gine a Legas yana biyan kuɗin bunƙasa ababen more rayuwa.

Akwai wani ɗan uwansa da bai kamata a haɗa su ba, wato kuɗin da kowane mai gida ke biya a kai a kai, sabon gida ne ko tsoho, gwargwadon faɗin rufinsa da daɓensa. Garuruwan Jamus da yawa haka suke yi, birnin Filadelfiya na Amurka ma ya koma lissafa wa 'yan kasuwa da masana'antu ta wannan hanya daga 2010. Wannan shi ne wanda ya fi jawo rigima. Da jihar Maryland ta wajabta shi a kan manyan gundumominta a 2012, 'yan adawa suka raɗa masa suna harajin ruwan sama, sunan ya bi shi, har a 2015 aka janye wajabcin. Ashe ba mutanen majalisarmu kaɗai ke wannan baƙar magana ba.

Lissafin fuloti ɗaya

Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fulotin da muka saba da shi, ƙafa 50 da ƙafa 100, ya kai kimanin murabba'in mita 465. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar damina, fiye da lita 23,000 ce ta sauka a kan wannan fuloti kaɗai. Jarka mai lita 25 sama da 900 ke nan.

Lokacin da wurin yake gona, kunya-kunya da ciyawa da saiwar dawa suna riƙe ruwan, ƙasa ta shanye mafi yawansa, abin da ke gangarewa bai cika wuce kashi biyu ko uku cikin goma ba, kuma a hankali yake tafiya. Da an rufa kwano aka zuba siminti, lissafin ya juye: kusan kashi tara cikin goma ne ke fita ta rariya, kuma cikin 'yan mintoci. Wato wajen lita 20,000 daga gida ɗaya. Gida 100 sun ba da lita miliyan 2, kwatankwacin tankar mai 60 ta juye kayanta a layi ɗaya cikin sa'a guda. Saurin nan ya fi yawan illa. Kwalbatin da aka gina shekaru 40 da suka wuce, lokacin da bayansa duk gonaki ne, ba don wannan aka auna bakinsa ba.

Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Ba sai ruwan ya ƙaru ba kafin ambaliya ta ƙaru. Ya isa a ce ƙasar da ke shan sa ta ragu. Duk wanda ya san hanyar Shika ko Basawa ko Dakace shekaru 20 baya, ya kuma bi ta yau, ya san gonaki nawa suka koma kwano. Wani abin da ba a cika haɗawa da wannan ba shi ne rijiya. Ruwan da aka hana shiga ƙasa da damina shi ne wanda za a nema a rasa a watan Maris.

Kududdufi da indararo

Mutanen da suka gina birnin Zazzau ba su da injiniya mai takarda, amma sun san ruwa. Ƙasar da aka gina gidaje da ganuwa da ita a nan kusa aka haƙo ta, ramukan suka zama kududdufai. Da damina ruwan unguwa ya taru a ciki, ya zauna, ya riƙa tsotsewa a hankali. Tsakar gida ƙasa ce, lungu ƙasa ne. Abin da injiniyoyin zamani ke kashe miliyoyi su haƙa a sababbin unguwanni, su kira shi tafkin tare ruwa, kududdufi ne kawai aka yi masa shinge. Gaskiya ne kududdufi ya zama matattarar sauro da shara, kuma ya ci yara. Ba na cikin masu yi masa kirari. Sai dai da aka riƙa cike su da bola ana gini a kai, ba a tambayi inda ruwan da suke riƙewa zai koma ba. Ya koma ɗakunan mutane.

Haka kuma batun indararo. A al'adarmu ba ka saita indararonka ya zuba a gidan maƙwabci, ba ka kuma fasa rariya ta jiƙa gindin katangarsa. In ka yi, maganar za ta je gaban mai unguwa, in ta ƙi ta je gaban alƙali, kuma ƙa'idar da za a yi hukunci da ita kowa ya san ta: ba cuta, ba cutarwa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan haraji a kan ruwan Allah.

Kuɗin nauyin gini wannan ƙa'ida ce aka faɗaɗa. Bambancin shi ne yanzu maƙwabcin da ruwanka ke cutarwa ba jikin katangarka yake ba. Yana can gangare, tafiyar kilomita biyu, bai san ka ba, ba ka san shi ba, kuma ba ruwanka kaɗai ya rusa masa ɗaki ba, naka ne da na mutum 300. Wa zai kai ƙara? Tunda ba yadda za a yi mai unguwa ya sasanta irin wannan, sai hukuma ta tsaya a tsakani, ta karɓi rabon kowa ta gina hanyar.

Yadda ake yanke kuɗin

Inda ake yin abin bisa ƙa'ida, ba a fara da tambayar nawa za a samu ba. Ana farawa da taswirar gangare: duk filayen da ruwansu ke malalawa zuwa rafi ɗaya, yanki ɗaya ne, ko da sun faɗa ƙananan hukumomi biyu. Ruwa bai san iyakar Zariya da Sabon Gari ba. Sai a ƙiyasta gine-ginen da za a yi a yankin nan da shekaru goma, a auna ruwan da za su ƙaro, a fitar da jerin ayyuka: babbar magudana a nan, kwalbati a can, tafki a wuri kaza, kowanne da farashinsa.

Sannan a zo mataki mafi muhimmanci, wato raba nauyi tsakanin tsoho da sabo. Ga misali, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi kawai. A ce aikin yankin zai ci naira biliyan 1, injiniyoyi kuma suka gano kashi 40 cikin 100 na ruwan daga gidajen da ke wurin tuntuni yake fitowa. Wannan kaso na gwamnati ne, ba a ɗora wa baƙo. Saura naira miliyan 600. Idan ana sa ran sababbin gine-gine za su rufe murabba'in mita 600,000, to kowane murabba'in mita naira 1,000 ke nan. Malamin makarantar da ya gina ɗaki uku ya rufe mita 150 ya bar sauran fili ƙasa, zai biya 150,000. Mai gidan man da ya daɓe mita 3,000 zai biya miliyan 3. Ba darajar ginin ake dubawa ba, ba kuma yawan benaye ba; bene mai hawa uku ruwan da yake zubarwa daidai yake da na gidan da ba bene ba mai faɗin rufinsa.

Kuma ba dole sai da tsabar kuɗi ba. Mai gina rukunin gidaje zai iya gina magudanar da kansa a cire masa daga abin da ake bin sa, ko ya ware fili a gangaren wurin ya haƙa tafki. Wanda ya sa manyan tankunan tara ruwan rufi, ko ya bar rabin filinsa ba daɓe, a rage masa. A ganina wannan rangwame ya fi kuɗin kansa amfani, domin yana sa mutum ya yi tunani kafin ya kira mai intalok.

Matar da ta kai birni ƙara

Hukuma ma tana da iyaka. A garin Tigard na jihar Oregon a Amurka, wata mai shagon kayan famfo da na lantarki, Florence Dolan, ta nemi izinin faɗaɗa shagonta da daɓe wurin ajiye motoci. Shagon yana bakin wani rafi mai yawan cika. Hukumar garin ta ce za ta ba da izini, amma sai ta sallama wani yanki na filinta na bakin rafin, da wani kuma don hanyar masu keke. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci a 1994, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Kotun ta yarda cewa ƙarin daɓe yana ƙara ruwan da ke shiga rafi, don haka birni yana da hurumin gindaya sharaɗi. Amma ta ce wajibi ne birnin ya nuna cewa abin da yake nema ya yi daidai, ko da ba cif-cif ba, da gwargwadon illar wannan ginin. Bai nuna ba, ya faɗi. A 2024 kotun ta ƙara da cewa ko majalisa ce ta yanke kuɗin a cikin doka, bai kuɓuta daga wannan awo ba.

Jihohi ma sun ɗaure hannun biranensu. Dokokin da Kalifoniya da Texas suka yi a 1987 sun tanadi a ajiye kuɗin a asusu na dabam. Ta Texas ta hana a yi gyaran tsofaffin magudanu ko hidimar yau da kullum da shi, kuma in shekaru goma suka wuce ba a kashe shi a kan aikin ba, a mayar wa mai shi. Mai karatu ya ɗan tsaya ya yi tunanin ranar da zai ga an kira shi a waya an ce ya zo ya karɓi kuɗinsa, ba a samu yin aikin ba.

A Zariya, wane ne "mai gini"?

Nan ne kwafo tsarin wata ƙasa kai tsaye zai ba da matsala. A can, kamfani ɗaya ne ke sayen fili ya gina gida 500, ya je ofis ɗaya ya biya. A nan, mafi yawan gidaje mai su ne ke gina su da kansa, bulo 200 bana, linta baɗi, rufi in an biya bashin albashi. Da yawa kuma a filayen awon igiya suke, inda dillali da mai gona suka ja igiya suka kafa turaku, aka bar lungun da ko motar yashi ba ta shiga, balle a yi zancen magudana.

Ta fuskar doka ba a rasa madogara ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke a 2003 cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. A jihar Kaduna, hukumar tsara birane, KASUPDA, ce ke ba da izinin gini, hukumar filaye, KADGIS, kuma ke riƙe da rajistar filaye da takardun mallaka. Tsarin mulkin 1999 kuwa ya lissafa ginawa da kula da magudanu a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ka ga an riga an sami tazara: mai ba da izini dabam, wanda aka ɗora wa kwata dabam.

Abin da nake gani shi ne, in za a yi wannan tsari a nan, wanda ya kamata a fara tarewa shi ne mai yanka gona, ba mai ɗora bulo ba. Ranar da gona ta koma fuloti 40, ranar aka yanke wa ruwa hukunci, kuma ranar ce kuɗi mai kauri ke sauya hannu. A lokacin ne ake iya cewa a bar faɗin titi kaza, a bar hanyar ruwa, a cire fuloti biyu na can ƙasa a yi tafki. Bayan an sayar an gina, ba abin da ya rage sai jan fenti a bango da rusau da koke-koke. Yadda ake tafiya yanzu, mai yanka ya kwashi ribarsa ya koma wata gonar, mai saye da na gangare su kwana kwalfar ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da masu suka ke cewa

Hujjarsu ta farko tana da ƙarfi: duk abin da aka ɗora wa mai gini, a ƙarshe mai saye ko ɗan haya ne zai biya. Wanda ya gina ɗakunan ɗalibai a Samaru ko Kongo ba zai haɗiye kuɗin ba, zai raba shi a kan kuɗin haya. Masana tattalin arziki suna cewa in tsarin ya daɗe kuma kowa ya san da shi, wani ɓangare na nauyin yana komawa kan mai gonar asali, domin mai saye zai rage tayi. Duk da haka, a garin da siminti da kwano suka riga suka gagari mai albashi, ƙarin ko kaɗan ne ana jin sa. Shi ya sa wasu birane ke yafe wa ƙananan gidaje ko su bari a biya kashi-kashi.

Ta biyu, in kuɗin ya yi yawa mutane za su guje wa neman izini gaba ɗaya, a ƙare da ƙarin awon igiya, ba kuɗi ba magudana. Ta uku ita ce amana. Tun 1981 ake da asusun kula da muhalli na tarayya, ana raba wa jihohi da ƙananan hukumomi kasonsu, kuma tambayar ina kuɗin yake tafiya ba ta taɓa daina tashi ba. Wanda ya ga haka, in ya ce ba zai yarda da sabon asusu ba sai ya ga allo a bakin aiki an rubuta nawa aka tara a yankin da abin da aka gina, ba a ce ya yi taurin kai ba.

Akwai kuma abin da kuɗin ba zai taɓa yi ba, ko an tafiyar da shi da gaskiya. Ba zai gyara cikin birni da Tudun Wada da tsohuwar Sabon Gari ba, domin matsalarsu ta riga sabon gini. Wannan sai kasafin gwamnati. Ba zai yashe kwata ba. Magudanar naira biliyan 1 in leda da robar lemo suka toshe bakin kwalbatinta, ita da babu duk ɗaya, kuma yasa aikin ƙaramar hukuma ne da gayyar matasan unguwa kafin ruwan farko.

Mai ƙaramin ƙarfi fa?

Shi ne a gefe biyu. Shi ne zai ji zafin ƙarin kuɗi ranar da ya je neman izini, shi ne kuma ke biyan kuɗin rashin magudana a yanzu ba tare da rasit ba: katangar da ta faɗi, buhun masarar da ya jiƙe, katifa, rijiyar da ruwan masai ya shiga, maganin zazzaɓi. Gidan ƙasa ba ya jure ruwa ya kwana a gindinsa, kuma ba masu hali ne ke zaune a irinsa ba.

A kowace gona da aka yanka, akwai fuloti biyu ko uku na can ƙarshen gangare, inda da can manomin ke shuka shinkafa ko rake saboda ruwa na kwanciya. Su ne ya kamata a bar wa ruwa. Su ne kuma dillali ke karya wa farashi, ya kai mai saye ya gani a watan Fabrairu, ƙasa ta bushe ƙayau, ya ce masa, "Alhaji, wannan rabonka ne, don kai na ajiye." Wanda ke saye yawanci ɗan fansho ne ko mai ɗinki da ya shekara biyar yana zubin adashi.